Me Garba Ya Yi Mana?

Ku duba ajinku: Sadik nawa ne, Garba nawa? Alhali duk Abubakar ne, sunan Sayyidina Abubakar Siddiƙu, halifan farko, wanda ya jagoranci Musulmi daga 632 zuwa 634. A Larabci “bakar” ɗan raƙumi ne.

Kakanninmu suka karɓi sunan, suka lanƙwasa shi da harshensu: Garba, Habu, Buba, a Barno kuma Bukar. Yau ka kira ɗalibi Garba, sai ya haɗe rai, wai sunan ƙauye ne.

Haba jama'a! A ganina, Garba shaida ce cewa sunan ya daɗe da zama ɗan gida. In mu ’yan boko muka guje shi, wa zai kira ɗansa Garba gobe?