Amosanin jini: nauyin da ke kan masu jinya a gida

Tun ranar 1 ga watan Satumba na shekarar 2024 aka rage kuɗin ganin likita, da na awon jini, da na kwanciya a asibitocin gwamnatin Nijar da kashi 50 cikin 100. Wannan mataki ya kawo sauƙi ga talakawa. Amma akwai wata jinya wadda ba ta shiga lissafin kowace ma'aikata, ita ce wadda iyali ke yi a gida, dare da rana, ga mai ciwon da ba ya rabuwa da shi. Amosanin jini, wanda ake kira sikila, shi ne babban misali.

Cutar gado ce. Ƙwayoyin jinin mai ita sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, sai azaba ta taso a ƙashi, da gaɓoɓi, da ƙirji, da ciki. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120, amma ta mai amosanin jini ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum yake cikin ƙarancin jini. A shekarar 2021 an ƙiyasta masu wannan cuta a duniya sun haura miliyan 7 da rabi, kusan kashi 80 cikin 100 nasu kuwa a Afirka kudu da Sahara suke.

A ƙasar nan babu lokacin da mai jinya ke samun hutu. Sanyin hunturu yana ta da ciwon. Zafin bazara yana ƙarar da ruwan jiki, ya ta da shi. Da damina kuma zazzabin cizon sauro ne. A mafi yawan gidaje uwa ce ke ɗauke da nauyin. Ita ce ke kwana a zaune tana gasa wa yaro gaɓoɓi da ruwan ɗumi, ita ce ke goya shi zuwa gidan likita. Ranar da ciwo ya tashi, sana'arta ta ƙuli ko ta fura ta tsaya, gonarta ta gamana ta yi ciyawa. In abin ya daɗe, akan sayar da akuya, daga baya a taɓa hatsin rumbu. Sau da yawa babbar ɗiya ce ke barin lakkol don ta riƙe ƙannenta.

Tun shekarar 2006 aka kafa dokar kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Sai dai amosanin jini ba ya ƙarewa a shekara 5. Cibiyar ƙasa mai kula da wannan cuta tana Yamai, alhali daga Damagaram zuwa can tafiyar kusan kilomita 900 ce. Kuɗin mota, da masauki, da abinci duk a kan iyali suke. Maganin da ke rage yawan tasowar ciwon, wato hydroxyurée, ana shan shi ne kullum tare da awon jini a kai a kai, abin da ya fi ƙarfin manomi. Idan magani ya yi nisa, mai jinya yakan koma ga wanzami a yi tsaga, ko ga masu tallan ƙwayoyi a faranti, inda ake sayen tramol ba da takardar likita ba. Nan wata cutar ke shigowa a kan ta farko.

Bayan gajiyar jiki akwai ta zuciya. Inda aka yi ta rasa yara akan ce wabi ne, ko maita, ko iskoki, laifin kuma ya faɗa kan matar. Wasu aure ya mutu a kan haka. Gaskiyar magana ita ce yaro ba ya samun cutar sai ya gado ta daga uwa da uba duka. Idan su biyun suna ɗauke da alamar AS, ko da lafiyarsu lau, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 na haifar mai SS. Saboda haka uban da ya bar jinya ga matarsa ya guje wa abin da rabinsa nasa ne.

Abin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne. Na farko, ma'aikatan kiwon lafiya su ɗauki mai jinya a matsayin abokiyar aiki, su koya mata cikin harshenta: ba yaro ruwa da yawa, suturta shi da hunturu, kwantar da shi cikin gidan sauro, cika allurar rigakafi. Ta kuma san alamun da ba a jira da su: zazzabi, numfashi da ƙyar, kumburin saifa, fari fat na ido da tafin hannu, ko shanyewar ɓarin jiki. Azuzuwan yaƙi da jahilci da gidajen rediyon karkara wurare ne da suka dace da wannan darasi. Na biyu, awon jini da maganin kashe zafi su kusanci jama'a a Maradi, da Tawa, da Damagaram, har zuwa ƙananan gidajen likita. Na uku, sarakuna da malamai su ƙarfafa awon jini tun kafin a kai kuɗin aure, ba ranar ɗaurinsa ba.

A shekarar 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 19 ga watan Yuni don tunawa da wannan cuta. Rana ɗaya ce ta jawabai, sauran kwanakin shekara kuwa mai jinya ce ke riƙe da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: miji, da dangi, da hukuma, kowa yana da gefen da zai kama.