Tsiro daga ƙwayar ganye: kishiyantar halitta ne ko ilimin noma?

Tambaya ce da ke yawo tsakanin ɗalibai: idan masani ya ɗauki ƙwayar halitta guda daga ganye, ya rene ta a kwalba har ta zama cikakken tsiro, shin bai shiga hurumin Mahalicci ba? A ganina bai shiga ba, kuma tarihin aikin kansa hujja ne.

A 1902 Gottlieb Haberlandt, masanin tsirrai ɗan Ostiriya, ya yi hasashen cewa ƙwayar tsiro guda na iya fitar da tsiron gaba ɗaya. Ya gwada da ƙwayoyin ganye, suka ƙi rabuwa. A 1957 Skoog da Miller suka nuna cewa ma'aunin sinadaran girma guda biyu ne ke sa saiwa ko toho ya fito. Sai a 1971 Takebe, Labib da Melchers suka samar da tsiron taba daga ƙwayoyin ganye da aka narkar da bangonsu. Kusan shekara 70 ke nan ana neman abin da yake cikin ganyen tun asali. Masani ya tanadi sukari da sinadarai da tsafta. Rai kuwa a cikin ƙwayar ya same shi. Manomin da ke dasa karan rogo ko rake da wannan baiwar yake aiki, kuma babu malamin da ya hana shi. Hadisin barbarar dabino da Imamu Muslim ya ruwaito ya bar dabarun noma ga masanansu.

Amfanin a fili yake. Cibiyar IITA da ke Ibadan tana renon tohon rogo da doya da ayaba a kwalba domin samar da iri marar cuta. Dabinon da aka shuka daga ƙwallo ba a sanin namiji ne ko mace sai bayan shekaru. Wanda aka rena daga tohon uwa mai kyau, macen ce za ta fito.

Inda ya kamata a sa ido shi ne amana. Tsirrai dubu daga uwa ɗaya rauninsu ɗaya ne, cuta guda na iya share gona. Sayar da irin da ba a tantance ba da sunan "na kwalba" algus ne, haramcinsa kuwa sananne ne. Saboda haka a adana irin gargajiya, hukuma ta tantance masu sayarwa, malamai su saurari masana kafin fatawa, ɗalibanmu kuma su shiga ɗakin gwaje-gwaje ba tare da shakka ba. Allah Ya sa mu dace.