Bututu Cikin Zuciya: Ina Amfaninsa, Ina Iyakarsa?

Zancenmu na yau a kan wata 'yar siririyar roba ne mai rami a ciki, kaurinta bai wuce na tsinken tsintsiya biyu ko uku ba, wadda likitoci ke kira kateta. A kan huda jijiyar jini a wuyan hannu ko a matsematsi, a zura ta, a yi ta turawa sannu sannu har bakinta ya isa zuciya, mai ciwo kuwa yana kwance ido biyu, ana hira da shi.

Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, amma wanda ya fara wannan aiki a jikinsa ya fara. A shekarar 1929, a wani ƙaramin asibiti na garin Eberswalde kusa da Berlin ta Jamus, wani saurayin likita mai suna Werner Forssmann ya tsaga jijiyar gwiwar hannunsa, ya zura bututun da a ke aikin mafitsara da shi, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin ɗaukar hoto, aka ga bakin bututun a cikin zuciyarsa. Manyansa suka ɗauki abin wauta. Sai a 1956 aka ba shi kyautar Nobel tare da André Cournand da Dickinson Richards na Amurka, waɗanda suka mai da gwajinsa aikin yau da kullum. A 1958 kuma, a Cleveland, bututun Mason Sones ya zame ya faɗa bakin jijiyar da ke ciyar da zuciya, ruwan rinin da a ke ɗurawa don hoto ya kwarara ciki. Zuciyar mai ciwon ta tsaya. Sones ya daka masa tsawa ya yi tari, ta ci gaba da bugawa. Daga wannan haɗari aka gane ana iya ɗaukar hoton waɗannan jijiyoyi. A Satumba 1977 Andreas Grüntzig ya hura ɗan balan-balan cikin jijiyar da ta ƙuntata a Zurich, ya buɗe ta. A 1986 aka fara barin 'yar ragar ƙarfe a wurin, watau sitent, don kada ta sake rufewa.

To, ga wanda jijiyarsa ta toshe farat ɗaya, ƙirji ya ɗaure, gumi na karyo masa, babu gardama. Naman zuciya na mutuwa ne minti bayan minti, shi ya sa asibitoci ke ƙoƙarin buɗe jijiyar cikin minti 90 daga isowar mutum. Wanda ya ce a jira a ga abin da gobe za ta yi, ya cuci mai ciwo.

Gardamata a kan wani mutum ne dabam, wanda ƙirjinsa kan yi nauyi in ya hau tudu, ya lafa in ya huta, shekara da shekaru. An ɗauki hoto, an nuna masa wurin da jijiya ta tsuke. Hankali ya kan ce, ai rijiya ce ta cushe, a yashe ta. Amma an gwada. A binciken da a ke kira COURAGE, wanda aka buga a 2007, an raba mutum 2,287 kashi biyu, wasu magani kaɗai, wasu magani da buɗe jijiya. Mutuwa da bugun zuciya ba su ragu ba ga kashi na biyu. Binciken ISCHEMIA na 2020, mai mutum fiye da 5,000, ya zo da kusan wannan amsa. Dalili kuwa, gudan jinin da ke kashe mutum sau da yawa ba a wurin da ya fi tsukewa ya ke tasowa ba. Wani ɗan kitse ne can gefe, wanda ido ya raina, ya kan fashe. Sitent na gyara taki ɗaya na hanya, maganin rage kitse da na hawan jini da barin taba su ke kula da hanyar duka. Adalci dai shi ne a faɗi ɗaya gefen: wani bincike da aka yi nan Ingila, aka buga a 2023, ya nuna lalle buɗe jijiya na rage ciwon ƙirji. Saboda haka wanda ciwo ya hana shi neman abinci yana da hujjar yarda. Abin da ban yarda da shi ba, a bar mutum ya sa hannu yana tsammanin tsawon rai ya saya, alhali sauƙin ciwo aka sayar masa.

Domin aikin yana da nasa haɗari. A wajen ɗaukar hoto kawai, babbar matsala ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba, amma in ta faɗa kan mutum, lissafi ba ya yi masa amfani. Wadda ta fi yawa ita ce zubar jini a wurin da aka huda. Ta matsematsi ta fi muni, don jinin na iya malala can cikin bayan ciki ba a gani ba, sai mutum ya yi fari fat. Wannan ya sa yawancin likitoci suka koma wuyan hannu. Ruwan rinin kan taɓa ƙoda, musamman ga mai ciwon sukari ko wanda ƙodarsa ta riga ta raunana. Bakin bututu na iya ɓantaro wani ɗan abu ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Waya na iya huda jijiya, jini ya taru cikin jakar da ta lulluɓe zuciya ya matse ta, sai an zuƙe shi nan take.

Akwai kuma haɗarin da ke jiran mutum a gida, shi ne ya fi damuna game da mutanenmu. Mutum ya sayar da gona ko shanu, ya tafi Indiya ko Masar, an sa masa sitent, ya komo ana ta barka. Ba kowa ke gaya wa dangi ba cewa ƙarfen nan baƙo ne a jiki, jini na neman daskarewa a kansa, tilas a sha magunguna iri biyu masu hana daskarewa kowace rana, yawanci wata shida zuwa shekara. Magani ya ƙare a wata na biyu, kuɗi ya ƙare, ko wani ya ce ai ka warke. Sitent ya toshe, toshewar da ta fi ta farko muni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin maganin shekara guda ya kamata a lissafa shi tun kafin a sayi tikiti.

Inda gwanintar likita ta fi bayyana kuwa, a wajen cututtukan da ba a cika gani ba ne. Akwai wadda bangon jijiyar zuciya ke tsagewa da kansa, jini ya shiga tsakanin fatun bangon ya matse hanya. Yawanci mata ta ke kamawa, waɗanda ba su tsufa ba, har da masu jego. A hoto sai ta yi kama da tsukewa ta kullum, hannu ya yi ƙaiƙayin sa sitent. Amma bangon kamar tsohon ƙyalle ya ke, waya na iya bin tsagar ta ƙara yage ta, garin neman gira a rasa ido. In jini na wucewa kuma mai ciwo ba ta cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi, a kan bar ta a asibiti ana lura da ita, jijiyar kuwa yawanci ta kan haɗe da kanta cikin makonni. Akwai wata kuma da likitocin Japan suka bayyana a 1990, suka sa mata suna takotsubo, sunan wata tukunya da masuntansu ke kama dabbar teku mai hannuwa takwas da ita, don haka siffar zuciyar ke komawa. Dattijuwa ce aka yi mata rasuwa, ƙirji ya ɗaure kamar bugun zuciya, aka zura kateta, aka tarar jijiyoyi garau. Amfanin bututu a nan shi ne ya ce babu abin da za a buɗe. Ashe tsofaffinmu da su ke cewa baƙin ciki na taɓa zuciya ba su yi ƙarya ba.

Mu kuma muna da namu. Ciwon da ya fi lalata zukatan samari da 'yan mata a ƙasashenmu daga ciwon maƙogwaro ya ke farawa, wanda ba a yi wa magani ba tun ƙuruciya, har ƙyauren cikin zuciya ya ƙanƙance. A nan balan-balan da Kanji Inoue na Japan ya bayyana a 1984 na yin aikin ban mamaki, ya buɗe ƙyauren ba a tsaga ƙirji ba, ko da ya ke wani lokaci ya kan yaga shi, sai an yi fiɗa da gaggawa. Saboda haka bai kamata a yi shi a inda babu mai fiɗar zuciya kusa ba. Kumburin masu jego kuwa, wanda Davidson da Parry suka bincika a Zariya cikin shekarun 1970, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya bisa gado mai wuta, raunin naman zuciya ne, babu wurin da bututu zai buɗe. Gwamnatin da ke da kuɗin ɗakin kateta ɗaya tak, a ganina ta fara tambaya ko akwai allurar fenisilin a asibitocin ƙauye.

In likita ya ce za a sa maka ko wa mahaifinka sitent, kuma ba halin gaggawa ba ne, kada kunya ta hana ka tambaya: in ba a sa ba, me zai faru? Don rai ne ko don sauƙin ciwo? Ta hannu za a bi ko ta cinya, kuma an auna ƙoda? Likitan kirki ba ya fushi da irin wannan tambaya.