ZINARIYA KO FARTANYA: WACE CE TA RIƘE ANKA?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin yadda wasu abokanmu ke barin aji su tafi ramin zinariya. In an yi musu magana sai su ce ai arzikin ƙasarmu ke nan. To, bari mu waiwayi tarihi mu gani ko haka ne.

Anka gari ne na Sarkin Zamfara. Bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarautar ta yi ta ƙaura, har ta zo ta zauna a Anka. Ba kuwa don zinariya ta zauna ba. Ƙasar tana da albarkar noma da kiwo, ga Gulbin Zamfara ya ratsa ta ya nufi Gummi, inda fadamu ke ba da shinkafa, masunta kuma na samun kifi. Dawa da gero da auduga da gyaɗa su ne suka ciyar da kakanninmu, suka tufatar da su.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'en Sakkwato. A shekarun 1930 aka yi ta haƙar zinariya a Arewa, har da wannan yanki namu. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, aikin ya ja baya. Zinariyar ta tafi ƙetare, mu kuwa aka bar mu da ramuka.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne na 2010. Dutsen da ake haƙowa yana haɗe da dalma. Mutane suka riƙa kawo shi cikin gida suna dakawa, suna niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, yara kimanin 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, na Bagega ma sai a 2013, kafin likitoci su yi wa yaran magani. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda rashin tsaro, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024.

Na san wani zai ce talauci ne ke kai mutum rami, kuma gaskiya ne. Ban ce zinariya haram ce ba. Amma aiki ne da ke son sani. Wa zai gane dutse mai dalma in ba wanda ya karanta kimiyya ba? In duk muka bar makaranta, baƙi ne za su zo da ilmi su kwashe, mu kuwa mu zama leburori a ƙasar kakanninmu.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu abu biyu: kada a shigo da dutsen haƙa cikin gida, kada kuma a cire yaro daga aji don kuɗin mako guda. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.