In Likita Ya Ce Uwa Na Da Ciwon Daji Na Mahaifa

A Birnin Kebbi ko Argungu, in takardar likita ta zo gida, malamin makaranta ko akawu a kan miƙa wa, don shi ne mai karatu. To, yau da su mu ke magana.

Ciwon daji na cikin mahaifa ya fi kama matan da suka manyanta, alamarsa ta fari kuwa ita ce ganin jini bayan al'ada ta ɗauke tuntuni. Ga shi uwa ba ta faɗa wa ɗanta irin wannan magana, balle ɗan fari wanda ko sunansa ba ta kira. Sai ta yi shiru, tana shan sassaƙe, watanni suna wucewa. Kunya ado ce, ba mu musa ba, amma a nan tana iya cin rai. Wanda ba ya iya tambaya da bakinsa, ya aiki yayarsa ko innarsa, su tambaya, su raka ta asibiti.

Kada a rikita shi da ciwon bakin mahaifa, wanda a ke yi wa 'yan mata allurar rigakafinsa tun 2023. Wannan dabam ne, allurar ba ta tsare shi. Sai an ɗebo ɗan nama daga cikin mahaifa an duba sa'an nan a ke tabbatarwa.

In likita ya ce bai bazu ba, lalle a gode Allah, gama wajen tara cikin goma na irin waɗannan mata suna nan da ransu bayan shekara 5. Maganin galibi fiɗa ne, watau a cire mahaifar. Nan dangi kan ja da baya, wai ƙarfe ba ya taɓa daji. Muna roƙonku ku tsaya, ku yi musu bayani da ladabi: tsohuwa ta gama haihuwa, jinkiri ne abin tsoro.

A fara daga asibitin Sir Yahaya ko babban asibitin Tarayya na Birnin Kebbi. In ana bukatar gashi, sai asibitin koyarwa na Sakkwato. Tun yanzu 'ya'ya su zauna su raba kuɗin mota da na magani, a san mai ba da jini, a san mai kwana wurinta, a kuma rubuta ranar komawa ga likita a adana tare da takardunta.