Jack Sparrow ɗin TikTok ba shi ne na fim ba

Idan kana hawa TikTok ko Facebook, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da Kyaftin Jack Sparrow ba, yana gudu hannuwa a sama ko yana tangaɗi kamar wanda ya sha ya yi tatul, an ɗora masa kiɗa. Wasu ma sai su liƙa hotonsa su rubuta wata maganar hikima a ƙasa, wadda bai taɓa faɗa a fim ba. Shi ya sa da yawa suka ɗauki Pirates of the Caribbean a matsayin barkwanci zalla. Ni kuwa ina ganin an cuce ka idan a nan ka tsaya. Abin da ya riƙe waɗannan finafinai na 'yan fashin teku baƙin ciki ne, kuma guntun bidiyo na daƙiƙa 30 ba ya iya ɗaukarsa. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, yau zan fasa ƙwai.

Tun fim na farko, na 2003, an dasa abin. Barbossa mugu ne, ba musu. Amma shekara goma ya yi cikin la'anar zinaren Aztek guda 882 da shi da yaransa suka sata: ba ya mutuwa, ba ya jin ɗanɗanon abinci, ruwa ba ya kashe masa ƙishi. Babban burinsa a duniya shi ne ya ciji tuffa ya ji zaƙi. Lokacin da la'anar ta karye, harsashin Jack na cikin ƙirjinsa. Abu na farko da jikinsa ya ji bayan shekara goma shi ne sanyin mutuwa, ya faɗi, tuffar ta gangaro daga hannunsa ko cizo ɗaya bai yi ba. A yanko maka wannan wurin shi kaɗai, mutum kawai za ka gani ya faɗi.

Wurin da ya fi taɓa ni yana cikin na uku, At World's End na 2007. Su Jack suna kan hanyar dawowa daga duniyar matattu, cikin dare, sai ga ƙananan kwale-kwale bila adadin, kowanne da fitila da mutum ɗaya a zaune. Rayukan waɗanda suka mutu a teku ne. Elizabeth ta hango mahaifinta, Gwamna Swann, a cikin ɗaya, ta hau murna, a zatonta sun iso duniya. Ita kaɗai ce ba ta gane ba. Ta ƙwala masa kira, ta jefa masa igiya, bai kama ba. Ya ce yana alfahari da ita, kuma zai gaida mata mahaifiyarta. Ta yunƙura za ta faɗa ruwa aka riƙe ta, kwale-kwalen ya ci gaba da tafiya. Ba takobi, ba igwa, ba jini. Duk wanda ya taɓa samun labarin rasuwar nasa alhali yana nesa ya san abin da wannan igiyar ke nufi.

Sai shi Jack ɗin da kake yi wa dariya. Fim uku yana sayar da kowa don ya tsira, kuma ba abin da yake tsoro kamar mutuwa. A ƙarshe ga zuciyar Davy Jones a hannunsa, wanda ya soke ta zai gaji jirgin Flying Dutchman ya rayu har abada. Daidai nan Jones ya caka wa Will Turner takobi a ƙirji. Kalli fuskar Johnny Depp a wurin, wallahi ba sauran wasa. Ya sa karyayyen takobinsa a hannun Will, ya taimaka masa ya soki zuciyar, ya bar wa wani abin da ya fi so. Kuma ceton ba kyauta ba ne. Will zai yi shekara goma a teku yana raka rayukan matattu, ya samu kwana ɗaya tak a doron ƙasa. A ranar aka ɗaura musu aure da Elizabeth, tsakiyar yaƙi. Ya bar mata akwatin da zuciyarsa ke ciki ya tafi. Wannan kam ba sai an yi mana fassara ba, mun san gidajen da maigida ke ci-rani shekara da shekaru, yaro ya girma yana sanin babansa ta waya.

A nan ne nake da ƙorafi a kan fim na biyar, na 2017. An karya mashin Poseidon mai baki uku, duk wata la'anar teku ta warware, Will ya tako ya dawo gida. Na san wasu za su ce ai ya sha wahala, a bar shi ya huta mana. Na ji. Amma nauyin rabuwar 2007 ya zo ne daga cewa ba mafita, da aka samo mafita sai abin ya koma kamar bashin da aka yafe. Haka mutuwar Barbossa a fim ɗin, inda ya sadaukar da ransa don 'yarsa Carina. Geoffrey Rush ya yi ƙoƙari, amma mutumin da muka riga muka ga ya mutu an tashe shi a ƙarshen fim na 2006, yaya za a yi mu yi masa kuka da zuciya ɗaya? Shi kansa Jack dodon teku ya haɗiye shi, aka je aka ɗauko shi. Gwamna Swann ne dai ya tafi bai dawo ba, shi ya sa nasa ya fi zama a rai.

At World's End ya kusa awa uku, kuma gaskiya tsakiyarsa na da ruɗani, kowa na cin amanar kowa har ka rasa wa ke tare da wa. Duk da haka ka samu dare ɗaya, kai ko ke, ka kife wayar ka kalle shi daga farko. Idan sunaye suka fara hawa kada ka tashi. Akwai ɗan guntu a bayansu: shekara goma ta cika, Elizabeth na tsaye a bakin teku da yaro a gefenta, suna jiran koren haske.