A Tsare Ƙofa, Amma Kada A Kori Mai Gaskiya

Akawuna da malaman makaranta, ku da ku ke karɓar takardun jama'a, ina so mu yi shawara a kan wani abu da ya shigo mana tare da intanet. A da, mai neman shiga makaranta ko mai neman aiki sai ya zo ofis da ƙafarsa, a ba shi fom ya cika da hannunsa, akawu na kallonsa. Yanzu fom ya koma cikin kwamfuta, ƙofarsa a buɗe dare da rana, ba mai gadi. To, ashe ba 'yan Adam kaɗai ke shigowa ta wannan ƙofa ba. Akwai wata irin manhaja da a ke rubutawa musamman don ta riƙa yawo tana neman fom, in ta samu ta cika shi da sunayen ƙarya da talla da adireshin 'yan damfara, ta aika, ta sake cikawa, ba gajiya ba barci. Turawa su kan ce mata bot, mu kuwa bari mu kira ta mutum-mutumi, tun da kamannin mutum ta ke yi.

Kada wani ya ɗauki abin da wasa. Cikin watan Nuwamba na 1999 wani shafi mai suna Slashdot a Amurka ya nemi jama'a su jefa ƙuri'a a kan jami'ar da ta fi kowace koyar da ilmin kwamfuta. Ɗaliban Carnegie Mellon suka rubuta manhaja mai jefa musu ƙuri'a, kashegari ɗaliban MIT suka yi tasu. Da aka ƙidaya, MIT ta sami 21,156, Carnegie Mellon 21,032, sauran kuwa ba wadda ta kai 1,000. Watau zaɓen mutane ya zama kokawar na'urori. Idan haka ta auku ga fom ɗin ɗaukar ɗalibai, akawu ne zai kwana yana tsince shara, takardar yaron kirki kuma tana iya nutsewa cikin tulin ba wanda ya gani.

Maganin da aka fara yi shi ne a jarraba mai cika fom. A 1997 kamfanin AltaVista ya fara nuna haruffa a murɗe, a ce mutum ya karanta ya rubuta. Daga baya Luis von Ahn da Manuel Blum da abokan aikinsu suka raɗa wa wannan jarrabawa suna CAPTCHA, sa'an nan a 2007 aka yi reCAPTCHA, wadda Google ya saya a 2009. Amma na'ura ta ci gaba da koyo. A 2014 Google da kansa ya ba da labari cewa manhajarsa tana karanta murɗaɗɗun haruffan nan mafi wuya daidai, fiye da kashi 99 cikin ɗari. Banda wannan, akwai kamfanoni da su ke ɗaukar talakawa suna warware jarrabawar a kan ɗan kuɗi kaɗan, su sayar wa masu mutum-mutumi.

Ga inda ra'ayina ya ke. Jarrabawar da na'ura ke ci, mutum yana faɗuwa, ba tsaro ba ce, wahala ce aka ɗora wa mai gaskiya. Ku dubi yaron ƙauye mai ƙaramar waya, layin na ɗaukewa, an ce ya nuna hotunan da ke da famfon 'yan kwana-kwana irin na titunan Amurka, abin da bai taɓa gani ba. Ku dubi makaho, wanda ba ya ganin hoto ko kaɗan. Tun 2005 ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idodin shafukan intanet ta ja kunne a kan yadda wannan jarrabawa ke tare wa naƙasassu hanya. Garin neman gira kada a rasa ido.

Sabo da haka shawarata ita ce a fara da dabarun da mai gaskiya ba zai ma san da su ba. Na farko, a ɗana tarko, watau a sa wani gurbi cikin fom wanda aka ɓoye wa idon mutum. Mutum ba zai taɓa shi ba, amma mutum-mutumi ya kan cika duk gurbin da ya tarar, sai ya tona asirin kansa. Na biyu, a duba lokaci. Fom mai tambaya ashirin da aka cika cikin daƙiƙa biyu ba hannun ɗan Adam ne ya cika shi ba. Na uku, a yi iyaka ga yawan takardun da za su fito daga adireshi guda cikin sa'a guda. Amma a yi hattara a nan, gama ɗalibanmu da yawa a shagon intanet guda su ke cika fom, in an tsananta iyakar sai a kore su duka da laifin da ba nasu ba. Na huɗu, a aika da lamba zuwa waya ko imel ɗin mai nema, kada a karɓi takarda sai ya mayar da ita. Inda abin ya ke da nauyi, a ɗaure shi da shaidar da ba ta maimaituwa, kamar yadda hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga masu rajista tun 2021. Duk wannan bincike kuwa lalle ne a yi shi cikin babbar na'urar da ke karɓar takardu, domin abin da aka bar wa wayar mai nema ta duba, mutum-mutumi na iya tsallake shi.

In waɗannan ba su isa ba, akwai masu gadi na ɓoye, kamar reCAPTCHA na uku da ya fito a 2018, mai ba kowane baƙo maki daga 0 zuwa 1, da Turnstile na kamfanin Cloudflare na 2022. Sai dai a sani suna kai labarin baƙo ga wani kamfani na waje, kuma Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023. Wajibi ne shugaban ofis ya tambaya kafin ya yarda.

Wani zai ce wannan aikin masu kwamfuta ne, ina ruwan akawu? Da ruwansa ƙwarai. Na'ura ta kan yi kuskure, don haka takardar da aka yi shakkarta kada a jefar, a ware ta gefe, akawu ya duba da idonsa. A kuma rubuta lambar waya ko sunan ofis a ƙasan fom, don wanda ƙofa ta ƙi buɗe masa ya san inda zai kai kuka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gaskiya ne, amma wanda ya toshe tsagar har da ƙofa bai yi gyara ba.

Ina roƙon kowane shugaban makaranta, kafin a buɗe fom na bana, ya ɗauki ƙaramar waya ya cika shi da kansa tun daga farko har ƙarshe. Abin da ya gagare shi, kada ya ɗora wa 'ya'yan talakawa. Allah ya sa mu riƙe amanar da aka ba mu, amin.